Tsagewar jijiyar zuciya da mutuwar fuju'a: yadda za a karanta alƙaluman daga Gwandu da Kalgo

Tsakanin 2014 da 2018, wata likitar zuciya 'yar ƙasar Kanada mai suna Jacqueline Saw ta jagoranci asibitoci 22 na Kanada da Amurka wajen bin diddigin mutum 750 da ciwo iri ɗaya ya kwantar. Dukansu jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta tsage musu haka kawai, ba haɗarin mota, ba duka, ba wuƙar tiyata. Likitoci na taƙaita sunan wannan larura da SCAD. A cikin mutum 750 ɗin nan, kashi 88.5 cikin ɗari mata ne, matsakaicin shekarunsu bai cika 52 ba, kuma mutum ɗaya tak ne ya rasu kafin a sallame su. Da aka ci gaba da bibiyarsu har shekara 3, waɗanda suka rasu ba su kai kashi 1 cikin ɗari ba.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ciwon ba abin tayar da hankali ba ne. Sai dai kuma a jikin gawa aka fara gano shi. A 1931 ne wani likita mai suna Harold Pretty ya rubuta bayanin wata mace 'yar shekara 42 da ta mutu farat ɗaya, da aka binciki gawarta aka tarar jijiyar zuciyarta a tsage. Shekaru da dama bayan nan, akasarin labarin ciwon daga ɗakin binciken gawa yake fitowa, har likitoci suka ɗauke shi ciwon da ba a tashi. To wanne ne gaskiya, ciwon da ba a tashi, ko ciwon da ya kashe ɗaya cikin 750?

Duka biyun an ƙirga su daidai, mutanen da aka ƙirga ne suka bambanta. Likitocin da suka ƙirga gawawwaki sun ga waɗanda ba su kai asibiti ba ne. Saw kuwa ta ƙirga waɗanda suka iso da ransu, aka ɗauki hoton jijiyoyinsu, aka tabbatar da ciwon, har suka sa hannu a takardar yarda da shiga bincike. Wadda ta faɗi a tsakar gida ba ta tashi ba, ba ta cikin 750 ɗin. Duk alƙalamin da zai zo a ƙasa, mai karatu ya riƙa tambayar kansa su wa aka ƙirga, su wa aka bari. Ga mutumin Gwandu ko Kalgo tambayar ta fi nauyi, domin a nan mafi yawan masu irin wannan mutuwa labarinsu a zaman makoki yake ƙarewa: jiya ma mun gaisa, ko jinya ba ta yi ba, kwana ne ya ƙare. Ajali gaskiya ne, ba mai musu. Amma sanin sababi bai taɓa zama jayayya da ƙaddara ba.

Abin da ke tsagewa

Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a kwana guda, kuma duk da jinin jiki kaf ta cikinta yake wucewa, ba daga shi take ci kai tsaye ba. Tana da jijiyoyinta na kanta da ke kwance a bayanta, manyansu kaurinsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Bangon kowace jijiya hawa uku ne: na ciki mai santsi, na tsakiya mai tsoka, sai na waje.

Bugun zuciyar da aka fi sani ya bi hanya mai tsawo kafin ya faru. Kitse ne ke taruwa a bangon jijiya shekara da shekaru, wata rana ya fashe, jini ya daskare a kai, hanya ta toshe. Shi ya sa ya fi kama dattawa, da masu ciwon sukari, da masu shan taba. Tsagewar da muke magana a kai daban take. Jini ne ke shiga cikin bangon kansa ya raba hawa da hawa, ko dai ta wata 'yar yagewa a hawan ciki, ko kuma ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da bangon su fashe su zuba jini a cikinsa. Jinin da ya taru sai ya kumbura bangon ya danne hanyar da jinin zuciya ke bi. Jijiyar tana iya zama tas, babu ɗigon kitse a jikinta. A binciken Kanada, kusan kashi 60 cikin ɗari na hotunan ba su nuna wata yagewa a fili ba, doguwar tsukewa kawai ake gani, abin da ya sa ko a manyan asibitocin Turai aka daɗe ana wuce ciwon ba a gane shi ba.

Mutuwar farat ɗaya kuma ta hanyar lantarkin zuciya take zuwa. Idan wani sashe na tsokar ya rasa jini, tsarin bugawa na iya rikicewa, zuciya ta koma karkarwa maimakon turo jini. Cikin daƙiƙu mutum ya sume. Kusan kashi 8 cikin ɗari na marasa lafiyan Saw sun shiga irin wannan rikicewa mai haɗari, sai dai su an yi sa'a akwai agaji kusa. In babu mai danna ƙirji, babu na'urar da ke ja wa zuciya lantarki ta dawo da ita kan hanya, damar tsira na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a kowane minti. Mai karatu ya lissafa da kansa minti nawa ake ɗauka a samo mota a Diggi ko Zuguru a kai mutum asibitin Kalgo, ko daga Dalijan da Kambaza a isa Birnin Kebbi.

Kashi 4 da kashi 35

Alƙaluma biyu ne aka fi yawo da su, kuma sau da yawa ana cakuɗa su. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fitar da wani dogon bayani a 2018, ƙarƙashin jagorancin Sharonne Hayes ta asibitin Mayo, inda ta ce tsagewar jijiya ce ke jawo kashi 1 zuwa 4 cikin ɗari na dukan bugun zuciya. A cikin bayanin dai aka ce tana iya kaiwa kashi 35 cikin ɗari idan aka ware mata masu shekara 50 zuwa ƙasa.

Ba wai kashi 35 na matan da ba su wuce hamsin ba ne za su kamu. Ma'anar ita ce, cikin 'yan ƙalilan ɗin matan da bugun zuciya ya sama a wannan shekarun, har ɗaya cikin uku na iya zama ta wannan hanya. Kuma 35 ɗin shi ne ƙololuwa, daga wani bincike na ƙasar Japan ya fito; wasu wuraren sun sami kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Abin da alƙalamin ke koyarwa dai ba ya canzawa: ciwon kaɗan ne a cikin jama'a, amma ya taru a kan mutanen da ba wanda ke zargin zuciyarsu. Mace 'yar arba'in, ba ta da ƙiba, ba ta taɓa sa taba a baki ba, ta ce ƙirjinta na mata nauyi yana saukowa hannu. A kemis ɗin unguwa sunan wannan olsa, a ba ta farin magani na ruwa ta tafi. A gida kuma a ce gajiya ce, ko iska ta bi ta kanta.

A Nijeriya akwai rajistar masu bugun zuciya da Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya jagoranta. Daga 2013 zuwa 2018 ta tattara mutum 1,072 daga asibitoci a sassan ƙasar. Matsakaicin shekarunsu 59, kashi biyu bisa uku maza ne, kuma kashi 8 cikin ɗari sun rasu a gadon asibiti. Alƙalamin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne 42: kashi 42 cikin ɗari ne kawai aka ɗauki hoton jijiyoyin zuciyarsu, wato aikin da ake zura siririn bututu ta hannu ko cinya a fesa ruwan da ke fito da jijiya a hoto. Ba wata hanya tabbatacciya ta gane tsagewa a jikin mai rai da ta kai wannan hoto, na'urarsa kuwa a manyan birane irin su Legas da Abuja ta fi yawa, galibi a asibitocin kuɗi. Idan aka ɗora kashi 1 zuwa 4 na Amurka a kan 1,072, ana maganar mutum 11 zuwa 43 ke nan. Wannan lissafina ne, ba sakamakon rajistar ba, amma yana nuna yawan abin da zai iya ɓuya a inda fiye da rabi ba a leƙa jijiyarsu ba.

Cikin masu mutuwar fuju'a, nawa ne nata?

A nan ya kamata a rage murya. A 2010 wasu masana binciken gawa a Landan, Hill da Mary Sheppard, sun wallafa nazarin zukata 1,647 na mutanen da suka yi mutuwar farat ɗaya. Guda 8 ne aka samu da tsagewar jijiya, wato kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ɗaya cikin ɗari biyu.

A gida kuma, wani nazari da aka yi a Ile-Ife ya duba gawawwaki 79 na waɗanda zuciya ta kashe farat ɗaya. Guda 66, wato kashi 83.5 cikin ɗari, hawan jini ne ya lalata musu zuciya, kuma cikin 66 ɗin nan 20 ne kacal aka san suna da shi tun suna raye. Toshewar jijiya ta kashe 5. Mutum 79 ba yawa ba ne, Ife kuma ba Gwandu ba ce, amma hoton ya yi daidai da abin da aka sani game da ƙasar baki ɗaya. Wani nazari da Davies Adeloye da abokan aikinsa suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa kashi 32.5 cikin ɗari na manyan Nijeriya na da hawan jini a 2020, kimanin mutum miliyan 27.5. Cikinsu kashi 29 ne suka san suna da shi, kashi 12 ke shan magani, kuma ƙasa da kashi 3 ne jininsu ya sauko inda ake so.

Saboda haka idan magidanci ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Gwandu ko a fadamar shinkafa, abin da ya fi kusa shi ne hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba, ko dai ya ci zuciya ko ya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya karanta labarin tsagewar jijiya ya koma yana ganin ta a kowace mutuwa, ya karanta alƙaluman a juye.

Me ke jawo ta?

Cewa ta tsage haka kawai ba ya nufin babu dalili. Ruwa ba ya tsami banza. Masu bincike sun raba dalilan gida biyu: abin da ya raunana bangon tun da farko, da abin da ya ingiza shi a ranar.

Babban mai raunanawa wata larura ce ta bangon jijiyoyi da ake taƙaita sunanta da FMD, wadda ke sa jijiya ta tsuke nan ta buɗe can, har a hoto ta fito kamar carbi. Ta fi bayyana a jijiyoyin ƙoda da na wuya, ta fi kama mata, kuma tana iya jawo hawan jini tun da ƙuruciya. An same ta a kashi 31 cikin ɗari na marasa lafiyan Kanada, amma wannan alƙalami ya gaza gaskiya, domin kusan rabinsu ba a yi musu cikakken gwajin neman ta ba. A wuraren da aka duba kowa da kyau, adadin kan haura rabi.

Cututtukan gado da ke sassauta naman jiki, irin su ciwon Marfan da wani nau'i na Ehlers-Danlos, su ne aka fi ambata a littattafan koyarwa, amma a ƙirga ba su wuce kashi 3.6 ba. Gadon da ya fi yawa ba na ƙwayar halitta ɗaya ba ne. A 2019 aka danganta ciwon da wata ƙwayar halitta mai suna PHACTR1, a 2023 kuma wani babban nazari na mutum kusan 1,900 masu ciwon ya gano wurare 16 a jerin halittar ɗan Adam da ke ɗan ƙara haɗari, kowanne kaɗan-kaɗan. Duk mutanen da aka yi wannan nazari a kansu 'yan asalin Turai ne, kamar yadda mafi rinjayen 750 ɗin Saw ma Turawa ne. Jikin Bahaushiya ko Bafulatana ko Badakkariya bai shiga ma'aunin ba tukuna.

Masu ingizawa kuwa, kashi 50.3 cikin ɗari sun ce wani tashin hankali ko baƙin ciki mai tsanani ya same su gab da faruwar abin: rasuwa, rikicin aure, matsin aiki. Kashi 28.9 sun ambaci wahalar jiki, kuma kusan kashi 10 sun ce sun ɗaga abin da ya haura kilo 23. Sauran abubuwan da aka lissafa sun haɗa da yunƙuri mai ƙarfi, amai ko tari mai tsanani, naƙuda, da ƙwayoyi masu zaburar da jiki irin su hodar iblis.

Kashi 50 ɗin nan na baƙin ciki ina karɓarsa da taka-tsantsan. Bayan mutum ya kwanta ciwo ne ake tambayarsa, kuma wanda aka tambaya a gadon asibiti ko wani abu ya dame shi a makon jiya, da wuya ya rasa abin faɗa. Sannan rabin marasa lafiyan ba su ambaci wani baƙin ciki ba. Kada wannan alƙalami ya zama makamin faɗan gida, a ce baƙin cikin miji ko na kishiya ne ya fasa mata zuciya. Kilo 23 ɗin kuma abin lura ne ta wata fuskar. A Kanada nauyi ne da ake tunawa an ɗaga. A Kalgo jarkar ruwa mai lita 25 ta fi shi nauyi, kuma mata na sauke ta suna ɗorawa kullum, ban da daka da jan guga da juya buhun shinkafa. Da nauyin kaɗai ke tsaga jijiya, da ba a sami macen da ta rage ba. Sai bangon ya riga ya yi rauni.

Kwana arba'in na jego

Wurin da alƙaluman suka fi shafar mu shi ne ciki da haihuwa. A Kanada masu ciki da masu jego kashi 4.5 ne kawai na marasa lafiyan. Amma idan aka juya tambayar, aka ce cikin matan da bugun zuciya ya sama lokacin ciki ko bayan haihuwa me ya fi jawo shi, sai tsagewar jijiya ta zo ta ɗaya. Likita Uri Elkayam ya tattara irin waɗannan mata 150 tsakanin 2006 da 2011, ya sami tsagewa a kashi 43 cikin ɗari. Mafi yawan lokuta a watan farko bayan haihuwa take aukuwa, da yawa ma a makon farko, wato kafin suna ko daf da shi. Sauyin sinadaran jiki na sassauta bangon jijiyoyi, jinin mai ciki ya ƙaru da kusan rabi, sannan ga yunƙurin naƙuda. Kuma ta mai jego ta fi tsanani: ta fi kama babbar jijiya ko jijiyoyi da yawa a lokaci guda, ta fi barin zuciya da rauni.

To sau nawa take faruwa? Wani nazari na bayanan asibitocin Amurka ya sami 1.81 a cikin kowane ciki 100,000. Mu kawo shi gida. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Gwandu mutum kimanin 151,000, ta ba Kalgo kimanin 85,000. Idan aka ɗauka jama'a na ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara, su biyun sun kai wajen 400,000 yanzu. Idan kuma ana haihuwa 40 a kowane mutum 1,000, ana samun haihuwa kusan 16,000 a shekara. Da ma'aunin Amurka, mai jego ɗaya ke nan a duk shekara uku zuwa huɗu, a ƙananan hukumomin biyu a haɗe. Wannan ma lissafin alƙalamina ne, kuma yana iya gaza gaskiya, tunda wasu masana na sa yawan haihuwa da hawan jinin masu ciki cikin abubuwan da ke ƙara haɗari, mace a Kebbi kuwa kan haifi fiye da 'ya'ya shida a matsakaici, kamar yadda binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna. Ko da an ninka shi sau biyar, bai wuce mutum ɗaya ko biyu a shekara ba.

A gefensa akwai wani ciwon zuciyar na masu jego da ƙasar Hausa ta yi suna da shi a duniya, wanda tsokar zuciya ce ke saki ta kasa turo jini. A shekarun 1970 wasu likitoci, Davidson da Eldryd Parry, suka bi mata 224 a Zariya, aka ƙiyasta yana kama kusan ɗaya cikin haihuwa 100, suka kuma ɗora zargi a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. A 2007 Isezuo da abokin aikinsa suka sami ɗaya cikin 102 a Sakkwato. A 2020 rajistar ƙasa da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta ta tattara mata 406, kashi 72 cikin ɗari daga Arewa maso Yamma, inda Kano ta ba da ɗaya cikin 96. Abin mamaki, rajistar ba ta sami alaƙa mai ƙarfi tsakanin ciwon da wanka ko kanwa ba. Talauci, rama, rashin zuwa makaranta da hawan jinin ciki ne suka fito fili. Cikin mata 244 da aka bibiya kusan wata 17, kashi 18.7 cikin ɗari sun rasu.

Ɗora ɗaya cikin 100 a kan haihuwa 16,000, za ka sami mata 160 a shekara. Waɗannan alƙaluma daga manyan asibitoci suka fito, inda masu tsanani ke taruwa, don haka suna iya zarce gaskiyar ƙauye. To a raba su gida goma: saura 16, wanda har yanzu ya ninka na tsagewar jijiya fiye da sau hamsin. Sakin tsokar ma yana kisa farat ɗaya ta hanyar rikicewar bugawa.

Alamominsu sun ɗan bambanta. Mai sakin tsoka numfashi ke gagarar ta, ƙafafu su kumbura, tari ya dame ta da dare, ta kasa kwanciya sai a jingine. Mai tsagewar jijiya kuwa, fiye da tara cikin goma da ciwon ƙirji suke farawa, mai nauyi ko matsewa, yana ratsawa hannu ko wuya ko muƙamuƙi ko baya, wani lokaci da zufa da tashin zuciya. Amma rarrabewar ba aikin uwar miji ko ungozoma ba ne. Binciken lafiyar iyali na 2018 ɗin nan ya nuna matan Kebbi da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin goma ba, wato mafi yawan masu jego suna cika arba'in ɗinsu ba wanda ya ɗaura musu na'urar awon jini ko sau ɗaya.

Alƙaluman magani

Nan akwai labari mai daɗi, da kuma gargaɗi ga likitoci. Kashi 84 cikin ɗari na marasa lafiyan Kanada ba a yi musu wani aiki a jijiya ba. An kwantar da su, an sa ido, an ba su magani. Jiki na shanye jinin da ya taru a bango da kansa, kuma idan aka sake hoto bayan wata guda, wajen tara cikin goma na jijiyoyin sun warke. Sa 'yar ragar ƙarfe don buɗe jijiya, wanda ke ceton mai toshewar kitse, a nan yakan ƙara yaga bangon: a wani rahoto na asibitin Mayo na 2014, aikin bai yi nasara ba a kashi 53 cikin ɗari. Ana ajiye shi ne sai ga wadda ciwon ya ƙi lafawa ko jininta ya faɗi.

Gargaɗin ya shafi asibitocinmu kai tsaye. Inda babu na'urar hoto, abin da likita ke da shi ga mai babban bugun zuciya shi ne allurar narkar da gudan jini. Ga dattijo mai toshewa ceto ce. Ga mace mai jego da jini ke zuba cikin bangon jijiyarta, tana iya ƙara zubar. Shi ya sa masana ke hana ta idan ana kyautata zaton tsagewa ce, ga kuma haɗarin ɓallewar jini ga wadda ba ta daɗe da haihuwa ba. Sanin shekarun mara lafiya da ranar haihuwarta na iya canza hukuncin likita gaba ɗaya.

Ciwon kan dawo. Saw ta bi wasu mutum 327 kusan shekara 3, ya sake kama kashi 10.4 cikin ɗari. Masu hawan jini haɗarinsu ya ninka kusan sau biyu da rabi, masu shan magungunan rage gudun zuciya irin su bisoprolol da metoprolol kuwa nasu ya ragu da kusan kashi biyu bisa uku. Ba gwaji ne na raba mutane gida biyu ba, don haka ba a ɗauke shi hujja yankakkiya ba, amma magungunan masu araha ne kuma ana samun su a Birnin Kebbi. Wadda ta taɓa kamuwa kuma, batun sake ɗaukar ciki magana ce da ya kamata ita da mijinta su zauna da likitan zuciya a kai, ba a bar ta ita kaɗai da surutun dangi ba.

Abin da ba a ƙirga ba

A Nijeriya kusan mutuwa ɗaya cikin goma ce ake yi wa rajista. A Gwandu da Kalgo, kamar sauran ƙasar Musulmi, wanda ya rasu da safe ana sallarsa kafin la'asar, kuma ba mai son a taɓa gawar ɗan'uwansa da wuƙa. Ba na kiran a canza wannan. Akwai hanyar da ba ta taɓa gawa: ma'aikacin lafiya ya je gida bayan an share makoki ya yi wa dangi tambayoyi tsararru, yaushe ta haihu, me ta ce yana damun ta, awa nawa tsakanin ciwo da cikawa. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi irin wannan a 2014 da 2019 a kan mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Irin wannan bincike ba zai iya cewa jijiya ce ta tsage ba, amma zai iya cewa mata nawa ne suka mutu da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi cikin arba'in, a wace gunduma, bayan kwana nawa. Kalgo na da babban asibitin jiha da harabar Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013. Littafin rajista irin wannan bai fi ƙarfinsu ba, kuma masarautar Gwandu na da hakimai da dagatai da limamai da babu mutuwar da ke wuce su.

Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun jama'a bai da tsada. Duk babba ya auna jininsa, ko da yana jin garau. Idan mutum ya faɗi ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, a kwantar da shi a ƙasa mai tauri a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ana yi ana neman mota, maimakon yayyafa ruwa da taruwa a kansa. Masu kemis su daina sayar da maganin olsa ga mai ciki ko mai jego da ta zo da ciwon ƙirji, su tura ta asibiti. Maigida kuma, idan matarka ta ce ƙirjinta ya yi nauyi ko numfashi na gagarar ta, ko da ranar suna ce gida cike da baƙi, ka bar ragon ka kai ta inda za a auna jininta a yi mata gwajin lantarkin zuciya, wato ECG, a ranar, kuma ka faɗa wa likita kwana nawa ke nan da haihuwarta.